Igiyar da Bulama Ya Ɗaura

A garin Tsamiyar Ilu, can ƙasar Sule Tankarkar, ba a taɓa yin macen da ta iya wasan kalankuwa kamar Sabuwa ba. Bazawara ce mai sayar da daddawa, ta ba arba'in baya, gajera kakkaura, ga baki kamar aska. In kaka ta yi aka gama kai gero rumbu, sai a share dandali a shiga kwaikwayon manya. Wannan ya zama alƙali, wancan ya zama mai karɓar haraji, wani ya naɗa tsumma a ka ya zama Bulama, wato mai garin. Bulaman gaske kuwa yana gefe a kan buzu, yana kallon yadda ake kwaikwayon tafiyarsa da tarinsa, kuma ba shi da ikon yin fushi. Haka aka gada.

Wasan da aka fi so shi ne na cinikin baiwa, kuma kullum Sabuwa ce baiwar. A ɗaura mata igiyar rama a wuya a jawo ta gaban mai saye, ita kuwa ta dube shi sama da ƙasa ta wanke shi tas. Ta faɗi yadda yake tsoron matarsa, ta faɗi ranar da jaki ya kayar da shi a bakin rijiya, har sai mai sayen ya roƙi a tafi da ita ko kyauta ba ya so. Mutane su yi ta dariya har da hawaye.

Wasan yana da ƙa'ida biyu, kuma Kawu Barau, tsohon da ke riƙe da sarautar wasa, yana tsare su kamar idonsa. Ta farko, ba a sa igiya a wuyan wanda aka taɓa sa wa iyayensa ko kakanninsa ta gaske, don a lokacin bauta ba ta daɗe da kauwa ba, ciwon ɗanye ne. Sai wanda kowa ya san asalinsa. Ta biyu, wanda ya ɗaura shi zai kwance, a nan inda ya ɗaura, a gaban waɗanda suka gani. Zai durƙusa gwiwa biyu ya ce, "Wasa ne, a yafe," wanda aka ɗaure ya ce, "Wasa ne, na yafe," sannan a buga ganga a watse. Wanda ya cire igiyar da hannunsa kuwa ya zama bawan da ya tsere ke nan, ya yarda ɗaurin na gaske ne.

Bulaman garin a wannan zamani shi ne Halliru, ƙanen Sabuwa uwa ɗaya uba ɗaya. Kowa a garin ya san labarinsu. Shekarar da mayaƙan Damagaram suka faɗo wa garin suka kashe uban da uwar, Sabuwa ba ta wuce 'yar talla ba, Halliru kuwa ko yaye shi ba a yi ba. Ita ta goya shi ta shige kogon kuka, ta toshe masa baki da yatsanta, tana leƙen yadda ake jera mutanen garin a igiya ɗaya ana kora su arewa. Ita ta tauna masa gero ta ba shi a baki. Da ya girma ya gaji sarautar uban, ita ta sayar da akuyoyinta ta saya masa rawanin farko. Ban faɗi wannan don a ji tausayinta ba, Sabuwa ba ta son tausayi. Na faɗa ne don a san wanda ya yi abin da ya yi.

Shekara ashirin da 'yan kai bayan zuwan Turawa, sai ga wani Bature ya ɓullo ta hanyar Gagarawa da jakuna da tafintansa, wani Bakano mai karkatacciyar hula da ake kira Cindo. Baturen nan ba na gwamnati ba ne, ba na kanti ba ne, kansa yake wa aiki. Abin da ya kawo shi wani baƙin akwati ne mai ƙafa uku da mariƙi a gefe, wanda yake juyawa yana leƙe ta wata 'yar kafa. Cindo ya ce akwatin haɗiye motsin mutane yake yi a jikin wani dogon zare, in an je ƙasarsu a haska a farin bango, jama'a su taru su ga mutum yana tafiya kamar yana raye. Ya ce maigidan nasa yana haɗa labarin masu mulki da iyalansu ne, kuma a Gumel ya ji labarin wasan Tsamiyar Ilu.

Mutane suka ce Bakano dai bai rasa ƙarin gishiri, suka koma harkokinsu. Bulama Halliru ne kaɗai ya ja Cindo cikin zaure, ya sa aka kawo masa fura, ya yi ta yi masa tambayoyi tun azahar har la'asar.

Washegari aka ji abin da Bature yake so. Cinikin baiwa yake so, amma ba ya son saurayi mai tsumma a ka. Bulaman gaske yake so, da rawaninsa da alkyabbarsa, shi zai riƙe igiyar. Kawu Barau ya ce ba a taɓa yi ba, mai gari kallo yake yi, ba ya shiga fage. Halliru ya ce ai zamani ya canja, Kawu ya yi haƙuri. Ya shiga cikin gida ya iske Sabuwa tana shanyar kalwa.

"Yaya, ke za ki fitar da ni kunya," in ji shi. "Baƙon nan daga fada aka turo shi. In ya koma ya ce mun watsa masa ƙasa a ido, ina zan sa kaina?"

Sabuwa ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kai za ka ɗaura mini igiya, Halliru?"

"Haba Yaya, ai wasa ne. Shekara nawa kina yi?"

"Yaran gari ke ɗaura mini, ba wanda na goya ba."

"To ai gara ni. Da hannuna zan ɗaura, da hannuna zan kwance, a tashi."

Ta ci gaba da motsa kalwa da tafin hannu. Can ta yi dariya ta ce to, amma ya shirya, don yau duk garin zai ji har shekara nawa ya kai yana fitsarin kwance. Shi ma ya yi dariya. Wannan ita ce dariya ta ƙarshe da suka yi tare.

Da hantsi aka cika dandali. Bature ya kafa akwatinsa, ya sa aka gusar da mutane gefe guda. Halliru ya fito ya sha ado, har da kwalli. Ya karɓi igiyar rama daga hannun Kawu Barau ya zarga wa yayarsa a wuya, ya ƙulle. Sabuwa ta gyara tsayuwa, ta riƙe ƙugu, ta buɗe baki ke nan za ta fara, sai Bature ya ɗaga hannu ya yi wata magana.

Cindo ya ce, "Baba, an ce ki yi shiru. Akwatin ba ya jin magana, gani kawai yake yi. In kina motsa baki kina riƙe ƙugu, can za a ɗauka faɗa kike yi. Ki sunkuyar da kai, ki sake kafaɗu. In hawaye zai samu, ya fi."

"To in ban yi magana ba ina wasan?" in ji Sabuwa.

"Yaya, ki yi abin da aka ce," in ji Halliru, bai ko dube ta ba. Idonsa yana kan akwatin.

To ka ji inda aka cuce ta. Duk abin da ya mai da wannan abu wasa bakin Sabuwa ne. Da shi baiwa take kayar da mai saye, da shi talaka yake rama abin da aka yi masa shekara guda. Aka cire bakin, aka bar igiyar. Ta sunkuyar da kai don kada ta kunyata ƙanenta a gaban baƙo. Bature ya shiga juya mariƙi, ƙir ƙir ƙir, yana ba da umarni Cindo yana fassarawa. A ja ta. Halliru ya ja. A sa ta durƙusa. Ta durƙusa. Mai gari ya kama haɓarta ya buɗe bakin ya duba haƙora. Halliru ya kama haɓar matar da ta tauna masa gero, ya buɗe bakin ya leƙa, har da girgiza kai irin na mai tayi.

Ba wanda ya yi dariya. Tsofaffin da suka ga irin wannan ciniki da idonsu a kasuwar Maigatari suka kau da kai. Wata tsohuwa da aka fanso daga Damagaram ta tashi ta bar wurin tana jan ƙafa.

Da Bature ya saki mariƙin ya yi murmushi, Kawu Barau ya matso da sandarsa ya ce, "To, ranka ya daɗe, a rufe wasa."

Bature ya tambayi abin da tsohon yake cewa. Cindo ya yi masa bayanin ƙa'idar: mai ɗauri zai durƙusa ya kwance ya nemi gafara. Sai ga Bature ya yi tsalle kamar an ba shi kyautar doki. Ya ce wannan ai ya fi na farkon, mai mulki a durƙushe gaban yayarsa! Ya jawo akwatin kusa, ya gyara masa ƙafafu, ya kama mariƙi yana jira. A nan kam ba zan ɗora masa laifin da ba nasa ba. Shi a shirye yake.

Sabuwa ta miƙe ta karkaɗe gwiwoyinta ta miƙa wuya. Halliru bai motsa ba.

"Bismilla mana," in ji ta. "Rana tana yi."

Ya dubi akwatin, ya dubi jama'a, ya matso kusa da ita ya rage murya. "Yaya, mu je gida in kwance miki."

"A gida ka ɗaura?"

"Ki gane mana. Abin nan ba ya gogewa. Cindo ya gaya mini, ko bayan mun mutu ana haska shi. Gari gari za a bi da shi, har a gaban sarakunansu. Ya za a yi a riƙa ganin Bulama a durƙushe gaban mace har abada?"

Ya ɗauka a hankali ya yi maganar, amma dandalin ya yi tsit, na kusa duk sun ji. Sabuwa ta daɗe tana kallonsa. Ba igiyar ce ta fi yi mata ciwo ba, ba kuma haɓar da ya kama ba. Furar da ya ba Cindo jiya ce, da tambayoyin da aka yi a zaure tun azahar har la'asar.

"Ashe ka sani," ta ce. "Da ka shigo kana ce mini wasa ne, ashe ka san ba ya gogewa."

"Yaya..."

"Taka gwiwar ce ba za a gani a ƙasa ba har abada. Nawa wuyan kuwa ba komai."

Halliru ya tattare alkyabbarsa ya juya ya nufi gida, fadawansa biyu suka bi shi. Bature ya jira, ya jira, ya ɗaga kafaɗa ya rufe akwatinsa. Kafin la'asar ya ɗora wa jakuna kaya ya kama hanyar Maigatari, daga can ya haye ƙasar da Faransi ke mulka, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ya tafi da Sabuwa a ɗaure.

Mata suka kewaye ta. Yelwa, ƙawarta tun suna 'yan mata, wadda ita ke wankan gawa a garin, ta kai hannu za ta kwance ƙullin. Sabuwa ta buge hannun.

"Ba ke kika ɗaura ba."

"To cire da kanki mana, ki jefa masa a ƙofar gida."

"In cire in zama me? Ni 'ya ce ba baiwa ba, Yelwa. Ban tsere wa kowa ba."

Ta naɗe ragowar igiyar ta rataya a kafaɗa ta tafi ta kwashe kalwarta.

Kowa ya ɗauka kwana biyu za a yi a shirya. Halliru ma haka ya ɗauka. Da safe ya shiga ɗakinta ya sauke asabari, ya ce ga shi ya zo, har durƙuson ma zai yi in tana so. Ta ce ya ɗaga mata asabari tana son iska. Ta ce ba ta roƙe shi akwati ba, akwati ya tafi, wannan ta bar wa Allah. Dandali dai yana nan, mutanen da suka gani suna nan, ya fito gabansu. Ya ce yanzu ai abin ya zama magana, in ya fito za a ce mace ta karya shi. Ya aiko mata da sabon zane saƙi, ta mayar. Ya turo liman, liman ya yi mata wa'azin haƙuri da girman shugaba, ta saurara har ya gama, sannan ta tambaye shi ko ya biya ta zauren Bulama da wa'azin girman wadda ta yi goyo. Liman ya ce zai biya. Bai biya ba.

Ranar kasuwa ta ɗauki ƙwaryar daddawarta ta tafi Gumel da igiya a wuya. Ta je Maigatari da ita, ta je Gagarawa da ita. Duk wanda ya tambaya ba ta ƙara ba ta ragewa, sai ta ce, "Ƙanena ne ya ɗaura, Bulaman Tsamiyar Ilu. Bai samu sukunin kwancewa ba tukuna." Fatake suka ɗauki maganar suka yi gaba da ita. Har ya zama in Halliru ya je gaisuwa gidan hakimi a Sule Tankarkar, sai wani bafade ya tambaye shi a gaban mutane ko ya samu sukuni. Ya dawo gida yana huci, ya ce ta tona masa asiri. Ka ji mutum! Shi da ya buɗe mata baki a gaban duniya, shi ne aka tona wa asiri.

Da kaka ta zagayo, samari suka share dandali. Sabuwa ta riga kowa zuwa, ta tsaya daidai inda aka ɗaure ta, ta yi wanka ta shafa mai. A ranta ta yarda yau zai fito, don hanya ce aka buɗe masa mai sauƙi: cikin kiɗa da raha, ya durƙusa, a yi dariya, shi ke nan. Ta tsaya har rana ta take. Sai aka zo aka ce Bulama ya yi sammakon tafiya Gagarawa duba wani sa. Kawu Barau ya ce wa makaɗa su mai da gangunansu. Ya ce ba a buɗe sabon wasa na bara bai rufu ba, kuma muddin yana da rai ba za a yi ba.

Haka kalankuwa ta mutu a Tsamiyar Ilu. Kuma abin takaici, da yawa Sabuwa suka ba laifi. Samari suka ce tsohuwa ta hana su wasa da taurin kanta. Mata suka ce ai babba shi ke haƙuri. Yaran da suka taso ba su ga ranar akwati ba suka fara kiranta Mai Igiya, wasu ma suka ɗauka da gaske baiwar gidan Bulama ce, don uwayensu sun gaji da ba da labarin. Wata rana wata amarya da aka kawo daga wani gari ta miƙo mata tulu ta ce ta ɗebo mata ruwa. Sabuwa ta shiga ɗaki ta yi kukan da ba ta yi ba a dandali. Yelwa ta same ta ta ce don Allah ta bari a yanke abin nan, ya cinye mata wuya, ya cinye mata suna. Sabuwa ta share ido ta ce zai zo, ai ita ta rene shi, ta san shi, nauyin baki ne da shi tun yana yaro.

Bai zo ba. Gida ɗaya suke, katanga ɗaya ta raba su. Kullum da safe yana aiko mata da koko, kullum tana sha, don ta ce koko ba shi ya yi mata laifi ba. Igiyar ta yi baƙi, ta sha gumi da man shanu har ta yi sheƙi, ta yi mata kanta a wuya.

A damina ta huɗu zazzaɓi ya kwantar da ita, bai ɗauke ta da nisa ba. Ta cika da hantsi, Yelwa na riƙe da kanta. Maza suka taru a ƙofar gida, aka tafi haƙan kabari, Bulama yana zaure yana karɓar gaisuwa da jan ido. Ana cikin haka sai ga Yelwa ta fito har tsakiyar maza, hannuwanta a jiƙe, abin da mace ba ta yi.

"Ranka ya daɗe, mun ɗora ruwa," ta ce. "Amma ba ma wanka da igiya, kuma ba mu muka ɗaura ba."

Liman ya ce a sa wuƙa a yanke mana, wannan ai ba abin tsayawa ba ne. Yelwa ta ce ga wuƙa nan a madafa, wanda zai iya ya shiga ya yanke, ita dai hannunta ba zai yi ba, kuma duk matan da ke ciki haka suka ce. Ba wanda ya tashi. Kawu Barau, wanda a lokacin sai an riƙe shi yake tafiya, ya ce a fito da ita inda aka ɗaura.

Aka ɗauko ta a kan tabarma a lulluɓe, aka shimfiɗe a dandali, wuyan kawai aka buɗe. Duk garin ya biyo. Halliru ya zo ya tsaya a kanta. Yanzu kam babu zancen zaɓi, tana ƙasa, in zai kai hannu wuyanta dole gwiwarsa ta taɓa ƙasa. Ya durƙusa, da rawanin da komai, a cikin taɓo.

Ƙullin ya ƙi. Shekara da shekaru ya sha mai ya daskare kamar ƙashi. Ya yi da farce, farcen ya karye. Ya sunkuya ya sa haƙori, gemunsa yana gogar haɓarta, yana ja yana kuka, majina tana zuba a kan alkyabba, mutanen da ya ƙi durƙusa wa a gabansu suna tsaye suna kallo. Da ƙyar ya warware. Ya zare igiyar, sai ga farin zobe a wuyan inda rana ba ta taɓa ba.

"Wasa ne, Yaya," ya ce. "Wasa ne, a yafe."

Jama'a suka kasa kunne. Sabo ne ya sa, kowa ya san abin da ke biyo bayan wannan magana, har wani makaɗi ya kai hannu inda gangarsa take zama. Halliru ma ya tsaya a durƙushe da igiya a hannu, ya karkata kunne wajen bakinta.

Yelwa ta ja mayafi ta rufe wuyan.

"Tashi, ranka ya daɗe," ta ce. "Ruwa yana hucewa."